Mun Hau Dutse a Kangimi, Mun Sauko Babu Mutum Ɗaya (rubutaccen shirinmu na wannan mako)

 Masu saurare a Kawo, Rigachikun, Mando, Jaji, da mutanenmu na nan gida Katabu, ina gaishe ku. Waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, ga shi an rubuta muku kamar yadda aka saba.

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne. Kun ga hotunan da muka saka ranar Asabar, muna kan dutse, ruwan Kangimi a ƙasanmu, kowa na dariya. Da yawa kun rubuto cewa wallahi wurin ya yi, yaushe za a koma. To akwai abin da hoton bai nuna muku ba. Mu ashirin da uku muka tafi. In kun ƙirga mutanen da ke cikin wannan hoton, har da ni mai ɗauka, ashirin da biyu ne. Labarin na ashirin da ukun nake so in ba ku yau, kuma tun farko in faɗa muku, laifin nawa ne.

Amma bari in fara da abin da ya kai mu.

Ni a nan na tashi. Lokacin muna yara, in aka ce daji, abin da ke zuwa mana a rai shi ne kaɗanya, ɗinya, tsada, harbin tsuntsu da danƙo, da dukan da za ka sha in ka dawo gida bayan magariba. Yanzu ka je firamare ka ce wa yaro ɗan shekara goma "daji", ka ga abin da fuskarsa za ta yi. Shi daji a wurinsa inda ake kai mutum ne a kira iyayensa a waya.

Kuma ba laifinsa ba ne. Mu 'yan Igabi ba labari aka ba mu ba. Ranar 11 ga Maris 2021 aka shiga kwalejin gandun daji ta Afaka aka kwashe ɗalibai 39, wasunsu sai da suka yi kusan wata biyu a hannu. Ku duba fa, ɗaliban da ke koyon kula da daji. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum sama da 80 suka rasu, a ƙaramar hukumarmu. Ga Kuriga a Maris 2024. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wanda ya ce tsoronmu na banza ne, bai zauna a nan ba.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna. Muna ta taro a otal muna maganar sare itatuwa da sauyin yanayi, ana raba mana ruwan gora da takarda. Wata rana a irin wannan taron na tambayi matasa kusan arba'in, wa ya taɓa ganin itacen ƙirya a tsaye? Mutum biyu suka ɗaga hannu. Amma kowa a ɗakin ya san gawayin ƙirya, don shi ne mai daɗewa a murhu. Na ce to ashe muna kare abin da ba mu san kamanninsa ba. Gani ya kori ji. Daga nan muka fara wannan tafiyar ƙafa. Ta farko mun je Kufena a Zariya, ta biyu ita ce wannan.

Kada wani ya ji wannan ya ce mun ɗauki jaka mun faɗa daji kawai. Sati uku muka yi muna shiri. Sau biyu na je da kaina na gaida mai unguwar ƙauyen da ke kusa, na faɗa masa ko mu su waye, mu nawa ne, me ya kawo mu. Ya ce wannan ɓangaren lafiya lau, wancan kuma kada mu kuskura. Ya haɗa mu da mutum biyu 'yan garin, wani dattijo masunci da wani matashi ɗan sa-kai. Da ɗan gari akan ci gari. Muka sa doka uku: mutum ɗaya a gaba, mutum ɗaya a baya, kuma duk inda aka tsaya sai an ƙirga kai kafin a tashi. Ni na rubuta dokar da hannuna a rukuninmu na WhatsApp. Ku riƙe wannan.

A cikin masu zuwa akwai wani ƙanenmu ɗan shekara goma sha shida. Ba zan faɗi sunansa ba, mu kira shi Auta. Maƙwabcinmu ne, mahaifinsa ya rasu, shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa. Da ya ce zai bi mu, ta ce atafau. Ni na je har gida na durƙusa na ce, "Umma, ki bar min shi, a hannuna yake." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, amana ce fa." Na ce na ɗauka.

Bayan asuba muka haɗu a Mararraba, mota biyu, maza goma sha shida, mata bakwai. Ga waɗanda ba 'yan nan ba, Katabu ita ce inda hanyar Jos ta rabu da babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya, shi ya sa ake cewa Mararrabar Jos. Hanyar Jos ɗin muka kama. Madatsar Kangimi tun shekarun 1970 aka gina ta a kan kogin Kangimi, wanda ke zuba cikin kogin Kaduna. Amfaninta shi ne a tara ruwan damina, in rani ya yi kogin Kaduna ya ja baya sai a sako, don a samu na sha a gari da na noman rani. Wato ruwan da wasunmu ke buɗe famfo su gani, in an yi sa'a ya zo, yana da alaƙa da wurin da ba su taɓa takawa ba. Kuma wannan ƙasa ce mai tarihi. Turunku, hedkwatar ƙaramar hukumarmu, tsohuwar cibiyar sarautar Zazzau ce, garin Bakwa Turunku, wadda tarihin baka ya ce ita ta haifi Sarauniya Amina. A nan kusa da mu.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi muka fara takawa. Sanyin hunturu ya fara shigowa, an girbe masara, dawa ce kawai ta rage a wasu gonakin. Muka bi gefen ruwa tukuna. Masunta na dawowa da kwale-kwale, karfasa da tarwaɗa a ciki, ga balbela fari fat a bakin gaɓa. Wasu samarinmu suka fara cire takalmi za su shiga, sai wata 'yar uwarmu da ta karanta aikin jinya ta hana su. Ta ce ruwan da ke kwance irin wannan shi ne gidan tsargiya, ƙwayar cutar na zama a jikin ƙananan katantanwa, ta fito ta ratsa fatar mutum, bayan wani lokaci ka ga yaro na fitsarin jini. Akwai magani a asibiti, amma me ya kai ka? Kowa ya mayar da takalminsa.

Daga nan muka shiga cikin itatuwa. Baba masunci na gaba, yana nuna mana da sanda: wannan doka ce, wannan marke, wannan maje, ga taura, ga ɗorawa ba a taɓa ta saboda kalwa, ga kaɗanya ta mata ce. Yaran birni sai rubutawa suke a waya. Muka ce Baba ina ƙiryar? Ya yi dariya, ya ce mu ƙara gaba. Da muka ƙara, sai ya tsaya a wani fili ya buga sandarsa a kan kututture. Ya ce, "Ga ta nan, samari." Kututture ne ko'ina, ga baƙin tabo a ƙasa inda aka binne itace aka ƙona gawayi. Muka yi tsit.

Wani daga cikinmu ya fara zagin masu gawayi. Baba ya juyo ya ce, "Yaro, da me ake girki a gidanku?" Shiru. Gaskiya ce ai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya gagari gidaje da yawa, aka koma gawayi. Buhunan da kuke gani jere a bakin titi daga nan har Rigachikun, mu ne masu saye. Mai sarewa talaka ne, mai saye talaka ne, itacen ne kawai ba shi da bakin magana.

Sannan hawan ya fara. Ba wani babban dutse ba ne irin Kufena, tudu ne mai manyan duwatsu da falale a samansa, amma akwai wuraren da sai ka sa hannu. Ciyawa ta bushe tana santsi. Baba ya ce kada wanda ya zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse bai duba ba, saboda kububuwa. 'Yar uwar nan ta ƙara da cewa in tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti. A rabin hanya muka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya muka sha ruwa.

To a nan ne na yi abin da na yi.

Na duba sama na ga hazo na tasowa. Na ce a raina in ba mu kai sama da wuri ba, ruwan ba zai fito a hoto ba. Hoto, jama'a. Na miƙe na ce mu tafi, mu tafi. Ɗan sa-kan da ya kamata ya tsaya a baya, ni na kira shi gaba ya taya ni ɗaga 'yan mata a wani wuri mai tsayi. Ban ƙirga ba. Dokar da na rubuta da hannuna, ni na fara karya ta.

Muka kai sama. Wallahi wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwan ya shimfiɗu yana lanƙwasa tsakanin tuddai, kwale-kwalen sun zama kamar tsinke, ga gonakin rani kore shar a gefe, ga shirwa tana shawagi a ƙasa da mu. Wata yarinya daga Unguwar Dosa ta ce ita ba ta taɓa sanin akwai irin wannan a Kaduna ba. Muka yi hoton. Muka buɗe ƙosai da burodi. Ina rabon ƙosan ne na ga saura ƙulli ɗaya a leda, alhali ashirin da uku na sa aka ƙulla.

Na ce, ina Auta?

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya faru da cikina ba. Na kira wayarsa, babu sabis. Muka yi ta ƙwala kira, dutse na dawo mana da muryarmu. Muka bar sauran a sama tare da Baba, ni da ɗan sa-kai da mutum biyu muka sauko a guje har tsamiyar nan. Babu shi. Sai robar ruwansa a ƙasa. Can gefe kuma ga sawun shanu sabo, da kashinsu ko bushewa bai yi ba.

Zan faɗi abin da ya fito daga bakina, don in na ɓoye wannan, shirin yau bai da amfani. Na ce, "Shi ke nan, Fulani sun ɗauke shi."

Ni fa. Ni da na yi shiri guda a wannan shafin ina cewa a daina yi wa ƙabila kuɗin goro. Ni da ke zuwa taron zaman lafiya ina riƙe makirufo. Sawun saniya kawai na gani, na yanke wa al'umma guda hukunci. Ɗan sa-kan ya kalle ni ya ce, "Malam, rugar nan tun kakana suke nan. Mu duba tukuna." Amma ni a lokacin har na fara tsara yadda zan shiga gidan Umma, da bakin da zan faɗa mata.

Minti arba'in muka yi muna nema. Na duba agogo daga baya, amma a lokacin na ɗauka yini ne. Sai muka ji ana kira daga wani kwari ta hagu. Muka leƙa. Ga Auta yana ɗingishi, hannunsa a kafaɗar wani yaro da bai kai shi tsawo ba, ɗan Fulani, sanda a ɗaya hannun, shekarunsa ba za su wuce goma sha uku ba.

Abin da ya faru shi ne, lokacin da muka tsaya a tsamiya, Auta ya zaga bayan dutse don ya kama ruwa, kunya ta hana shi faɗa saboda akwai mata. Da ya fito ya tarar mun tashi. Ya bi hanyar da ya ɗauka ita muka bi, ashe turbar shanu ce. Ya zame a kan falale ya gurɗe ƙafa. Yana zaune yana kuka yaron ya same shi. Auta ya ce da ya hango shi da sanda, sai da ya yi kalmar shahada. Yaron kuma, da muka tambaye shi, ya ce shi ma da ya ji hayaniyarmu tun da safe ya kora shanunsa cikin kwari ya ɓoye, don ya ɗauka 'yan sa-kai ne daga wani gari suka zo kame. Kun ji fa. Muna tsoronsa, yana tsoronmu, a daji ɗaya. Duk da haka ya bar shanun ubansa ba kowa, ya ɗauko wanda bai sani ba ya nufo inda yake jin muryoyin da yake tsoro.

Na ciro kuɗi na miƙa masa. Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Yaya, ni dai in koma, kada su shiga gonar mutane." Ya juya da gudu. Ko ƙosan da ya rage ban samu na ba shi ba.

Muka ɗaure wa Auta ƙafa da ɗankwalin wata, muka riƙa goya shi bi da bi har ƙasa. A hanyar saukowa, da muka sake ratsa filin kututturen nan, Baba ya tsayar da ni. Ina jin ya ga yadda jikina ya mutu ne. Ya nuna min gindin wata ƙirya da aka sare, ga 'yan rassa kusan goma sun tsiro a jikinta. Ya ce saiwar na nan da rai, in aka rage rassan aka bar biyu ko uku masu ƙarfi, aka hana awaki da wuta, za ta koma itace.

Abin da Baba ya faɗa, shi ne abin da manoman Maradi suka yi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itace a can, dashen na ta mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan kurmin da ke gonaki ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na raye a ƙasa. Shi da manoma suka fara gyara tsiron maimakon sabon dashe. A Nijar suna kiran abin sassabin zamani. Bincike ya nuna an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa kusan miliyan 200, a ƙasar da ba ta samun ruwan sama kamar namu. Babu buƙatar jiran kwangila, wuƙa ce da haƙuri da yardar mai gona. Mu nan duk damina sai a yi bikin dashe, a ɗauki hoto, zuwa Janairu akuya ta cinye. Ni ma na sha yi.

Wani zai ce, bayan wannan duka, ai sai ku haƙura da daji. Na yi wannan tunanin kwana biyu. Amma ga inda na tsaya. A Ingila, a Afrilun 1932, wasu matasa ma'aikata daga Mancesta suka hau wani tsauni mai suna Kinder Scout da masu ƙasa suka hana talaka takawa. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Shekaru 17 bayan haka, a 1949, aka yi dokar da ta fara buɗe wa jama'a irin waɗannan wurare. Su attajirai ne suka tare musu hanya. Mu bindiga ce da tsoro. Ba iri ɗaya ba ne, kuma ba na cewa kowa ya je ya yi jarumta da ransa. Akwai dazukan da ko an biya ni ba zan kai ɗan kowa ba a yanzu, kuma in mutanen gari suka ce kada a je, magana ta ƙare. Amma inda yake lafiya, in muka ƙaurace masa, mun bar shi ga mai gatari da mai bindiga, mun kuma bar yaron nan mai shanu ya girma bai taɓa ganin ɗan birni ya zo da alheri ba.

Ga masu son shirya irin wannan, ku ɗauki darasi a kaina kyauta. Ku fara da mai unguwa, ba da Google ba. Ku tafi da 'yan gari, ku biya su haƙƙinsu. Ku aika rugar da ke kusa a san da zuwanku, wannan mu ba mu yi ba. Kowa ya sami abokin tafiya da zai san motsinsa, ko bayan gida za shi. Na baya ba ya barin baya, ko wa ya kira shi. A ƙirga kai da baki, da ƙarfi, duk tashi. Ku sayi usur, don sabis zai yaudare ku. Kada ku saka wuri da lokaci a Facebook kafin tafiya, sai kun dawo. Ku baro dajin kafin la'asar. Ledarku kuma ku dawo da ita.

Da yamma na kai Auta gida bayan mun biya an duba ƙafar, targaɗe ne, babu karaya. A mota yana ta roƙona, "Yaya, mu ce a bakin ruwa na zame." Na ce a'a. Na durƙusa inda na durƙusa ranar farko na faɗa wa Umma komai, har da hoton, har da minti arba'in ɗin. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi faɗan ya fi min sauƙi. Ta ce, "Allah ya tsare gaba." Sannan ta tambayi sunan yaron da ya taimake shi. Na ce ban tambaya ba. Ta ce, "Ka ga, wannan ma laifi ne."

Washegari ta aiko min da sabulu, sukari da turmin atamfa, ta ce a kai wa uwar yaron. Suna nan a ɗakina. Ranar Asabar mai zuwa ni da ɗan sa-kan nan za mu je rugar, mu biyu, ba kyamara. In sun yarda, kuma mai unguwa da masu gonaki sun yarda, tafiya ta gaba da wuƙaƙe za mu je, mu gyara tsiron ƙiryar nan, Baba ya koya mana. Auta ya ce zai je. Na ce wannan tsakaninsa da Umma ne, ni bakina ya mutu.

Wanda ke son shiga ya yi mana magana ta akwatin saƙo, mutum ashirin kawai za mu ɗauka. Ashirin ɗin ma sai na ƙirga su sau goma.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.